KASAFIN KUƊI: INA RABON MATAN ZANGO?

Ya ku iyayenmu mata, da sauran talakawan Zango!

Duk shekara ana karanta kasafin kuɗi a Abuja da Katsina, muna jin biliyoyi a rediyo. To, nawa ne ya iso ɗakin haihuwa? Nawa ya iso rijiyar ƙauye?

Ga lissafi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba, yawancin shekaru ko rabi ba ta kaiwa. Wa ke biyan ragowar? Mai naƙuda, wadda ake ɗaukowa a babur da tsakar dare daga Rogogo ko 'Yardaje ana neman asibiti. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cikin matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya, fiye da ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Kowa da ajalinsa, gaskiya ne. Amma rashin ungozoma da magani sakaci ne, kuma da alƙalami aka rubuta shi.

Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, dole ne. Amma in babu malama, babu makewayi, gida kuma ya kasa sayen littafi, wa ake fara cirewa? Yarinya, a aza mata farantin talla.

Da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin niƙa da na mota suka hau, jarin mai ƙuli-ƙuli ya narke, kason jihohi kuwa ya ƙaru. Ina ƙarin ya shiga?

Dalili ɗaya ne, ana yi muku aski a bayan idonku. Zaɓen 2023 ya kai sanatoci 109 majalisa, mata ba su kai 5 ba. A 2022 Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurin ware wa mata kujeru. Haba jama'a! A ƙasar Daurama, inda mata suka riƙe sarauta?

Kun san macijin Kusugu, da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Macijin yau kuwa sai ranar zaɓe yake buɗe rijiya: turmin atamfa, sabulu, taliya, shi ke nan sai bayan shekara huɗu.

Jam'iyyarmu ta tsaya a kan uku: ungozoma da magani a kowace mazaɓa, malamai mata a makarantun ƙauye, a kuma karanta kasafin ƙaramar hukuma da Hausa a gaban jama'a, mata na zaune.

Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: nawa ka rubuta mana? In ya kama kame-kame, ku ba shi amsa a akwati.

Ku fito ranar zaɓe!