KIMIYYA A SAUƘAƘE: Wutar Kujerar Jirgin Sama da Batirin da Ke Cikin Jakarka

A yau babu zangon da ba ya da matafiya ta sama: alhazai masu tashi daga Tamale ko Accra, 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, da ɗalibai masu neman ilmi a ƙasashen waje. Kusan kowannensu yana ɗauke da waya, wani da kwamfuta tafi-da-gidanka, wani da batirin ajiyar caji wanda ake ce wa fawa-banki. Saboda haka a wannan wata za mu duba soket ɗin da ke jikin kujerar jirgi, da abin da ya dace a liƙa masa.

Da farko dai, wutar jirgi ba irin ta gida ba ce. A nan Ghana wutar gida bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Yawancin jiragen fasinja kuwa janaretocin da ke jikin injinansu suna ba da bolt 115 ne, mai kai da komowa sau 400 a daƙiƙa. Akwai wata 'yar na'ura, galibi a ƙarƙashin kujera, wadda take juya wannan wuta ta koma bolt 110 kafin ta iso soket. Ka duba bayan cajar kwamfutarka. In ka ga an rubuta 100 zuwa 240, to, za ta yi aiki a jirgi kamar yadda take yi a gida.

Masu ƙera soket ɗin sun yi masa dabara. Ba ya sakin wuta sai ya ji fulogi ya shiga ramukansa daidai, don kada yaro ya tura wani ƙarfe ya ji rauni. Kuma an ƙayyade masa ƙarfi, a jirage da yawa tsakanin wat 75 zuwa 100. Da zarar an nemi abin da ya wuce haka sai ya yanke da kansa. Shi ya sa wani lokaci babbar kwamfuta mai batir fanko takan kashe shi. Wannan ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Kada ka yi ta cirewa kana mayarwa, kada ka tokare fulogi da takarda, kada kuma ka liƙa irin soket ɗin nan mai baki uku don ka raba wa maƙwabta. Butar lantarki da hita da dutsen guga, waɗannan suna cin ɗaruruwan wat, wasu fiye da dubu, ba su da wuri a nan ko kaɗan.

Mai karatu zai ce, duk wannan tsanani don me? Dalili shi ne, babu abin da matuƙa jirgi suke tsoro kamar gobara, domin a sama babu ƙofar fita, babu maƙwabcin da zai kawo guga. Ran 2 ga Satumba, 1998, jirgin Swissair mai lamba 111 ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 suka rasu. Wutar ta tashi ne a cikin rufi, wajen ɗakin matuƙa, kuma masu bincike sun sami alamar tartsatsi a jikin wayoyi, ciki har da ta na'urar nishaɗin fasinjoji.

Amma a zamanin nan babban haɗarin ba a soket yake ba, a cikin jakarmu yake. Batirin waya da na kwamfuta da fawa-banki duk na sinadarin litiyam ne. A cikinsa akwai ɓangarori biyu, da wani siririn shamaki a tsakaninsu wanda bai kai kaurin gashin kai ba. In batir ya matse, ko ya huje, ko zafi ya yi masa yawa, ko kuwa tun daga masana'anta aikin bai yi kyau ba, sai shamakin ya yage, ɓangarorin su haɗu. Zafi ya haifi zafi, batir ya kumbura, ya yi hayaƙi, ya kama da wuta, sannan ya kunna na kusa da shi.

Ba jabun kaya kaɗai ke yin haka ba. A 2006 kamfanin Dell ya janye batiran kwamfuta fiye da miliyan huɗu. A watan Oktoba na 2016 Amurka ta hana shiga jirgi da wayar Samsung Galaxy Note 7. Ran 28 ga Janairu, 2025, wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Busan, a Koriya ta Kudu, tun bai tashi ba. Wutar ta fito ne daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, aka kuma sami ɓurɓushin fawa-banki a wurin. Allah ya kiyaye, dukan mutum 176 sun fita da ransu, amma jirgin ya ƙone. Bayan wannan kamfanoni da dama sun tsananta, har Emirates ta hana amfani da fawa-banki a cikin jiragenta daga 1 ga Oktoba, 2025. To, in na manyan kamfanoni ya yi haka, ina ga na bakin titi wanda ba a san mahaifinsa ba? Araha dai ba ta ado.

Ga ƙa'idar da aka saba bi. Fawa-banki da batirin da ba ya jikin na'ura ba a sa su cikin akwatin da za a auna a jefa ƙasan jirgi. Wurinsu jakar hannu, domin in sun yi hayaƙi a gani. Wanda bai wuce Wh 100 ba an yarda da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma kada ya wuce biyu. Abin da ya haura 160 ba a ɗaukarsa. In mAh aka rubuta a jikin naka, lissafin ba wuya: ka ninka da 3.7, ka raba da 1,000. Mai mAh 20,000 ke nan Wh 74 ne, ya wuce lafiya. Mai 30,000 kuwa Wh 111 ne, sai an nemi izini. Tun da yake kowane kamfani yana da ƙarin nasa sharuɗɗa, ka tambaya tun ranar da ka sayi tikiti.

A nan ne nake so in ja hankalinmu kan wata al'ada tamu, wato saƙo. Duk wanda zai yi tafiya, 'yan'uwa sukan cika shi da ƙunshi, wannan na ɗana ne, wannan na ƙanwata ne. Nauyin ido ya hana shi tambayar abin da ke ciki, sai ya cusa a babban akwati. Zumunci abu ne mai kyau, amma rayukan mutum ɗari uku sun fi ƙarfin kunya. Ka buɗe saƙo a gaban mai shi. Haka kuma in a bakin ƙofar jirgi aka karɓi jakar hannunka don a kai ta ƙasa, ka fara cire batiranka tukuna.

In ka zauna, ka kiyaye waɗannan. Kada ka yi amfani da caja mai sulluɓaɓɓiyar waya ko batir mai kumburi. Kada ka rufe kwamfuta da bargo tana caji, ko ka yi barci ka bar ta. Lokacin tashi da sauka ka cire fulogi ka adana ta. In wayarka ta faɗa tsakanin kujera, kada ka motsa kujerar, domin ƙarfenta zai iya murƙushe batirin, kira ma'aikatan jirgi. In kuwa ka ji zafi fiye da kima, ko ƙauri, ko ka ga hayaƙi, cire fulogi ka kira su nan take. Kada ka ɓoye don tsoron faɗa, kada ka rufe da matashi. An koya musu yadda za su kashe wutar, su kuma yi ta sanyaya batirin da ruwa don kada ya sake tashi.

Ina roƙon matasanmu da malaman da ke yi wa maniyyata bita su karanta wa iyayenmu wannan bayani, su duba musu jakunkunansu kafin a bar gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.