Ƙuri'ar Gure: Ta Masu Ita Ce Ko Ta Masu Ƙawance?

A da, duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, masu lissafin siyasa a Yamai sukan shimfiɗa taswirar Nijar su rarraba ta kamar naman layya: Tawa ta Tarayya ce, Damagaram ta Rahama, Difa ta Nasara. Da sun iso kan gundumar Gure kuwa, sai alƙalamin ya tsaya, domin ƙasar Muniyo ba ta shiga buhu ɗaya. Wanda ya taɓa zama a kasuwar Gidigir, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Difa, ya ga dalili da idonsa: Manga da Bahaushe da Bafulatani da Tubu da Balarabe suna ciniki a kara guda, kowa da harshensa, kowa kuma da wanda yake kira ɗan gida.

Tun zaɓen farko bayan Taron Ƙasa na 1991 aka ɗora wa wannan gunduma zaɓi mai wuya. A zagayen farko na ranar 27 ga Fabrairu 1993, Tandja Mamadu na MNSD-Nasara ya zo kan gaba da kimanin kashi 34 cikin ɗari a faɗin ƙasa, Mahaman Usman na CDS-Rahama yana biye da kusan kashi 27. Ɗaya ɗan Maine-Sorowa ne, wadda a lokacin take maƙwabtaka da Gure ta gabas, ɗayan kuma ɗan birnin Damagaram, hedikwatar jihar da Gure take ciki. Mutumin Gidigir bai rasa dalilin kiran kowannensu nasa ba. Da aka je zagaye na biyu ranar 27 ga Maris, jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa kai, Usman ya lashe da kashi 54. A wannan shekarar ce kuma wani malamin falsafa mai suna Bazum Mohamed, wanda ya yi karatu a Gure kafin ya wuce Damagaram, ya shiga majalisar dokoki a ƙarƙashin tutar PNDS-Tarayya daga mazaɓar musamman ta Tasker, wadda a lokacin tana cikin gundumar Gure. Ke nan tun ranar farko manyan jam'iyyu uku suna da ƙafa a yankin.

Masu cewa talakan gabas ƙabila yake zaɓa, ba aƙida ba, sun ɗauki rabin gaskiya sun yi mata rawani. Babu mai musun cewa zumunta tana aiki a rumfar zaɓe, a Gure kamar yadda take yi a Doso ko Tilaberi. Amma in ƙabila ce kawai ke magana, yaya za a fassara 1999? A zagayen farko na Oktoba, Usman ya zo na uku, tazarar da ke tsakaninsa da Mahamadu Isufu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai ya umarci magoya bayansa su mara wa Tandja baya, wato mutumin da suka kayar shekara shida da suka wuce, Tandja ya yi nasara da kusan kashi 60, Usman ya zama shugaban majalisar dokoki. A 2004 aka maimaita wannan ciniki, Tandja ya sami sama da kashi 65. Manomin da aka gaya wa a 1993 cewa Nasara ita ce tsohon mulkin danniya, shi aka gaya wa a 1999 cewa ita ce mafita. Ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa kafin a sa hannu. An ƙulla yarjejeniyar a Yamai, aka aiko masa da ita cikin mota mai lasifika.

Wannan shi ne ainihin ciwon, kuma ya fi zancen ƙabila girma. Tsarin zagaye biyu ya mai da ƙuri'ar gunduma tamkar garke, shugaban jam'iyya ya kora ta inda ya ga ciyawa. A 2011, bayan tazarce ta cinye Tandja, Usman ya faɗo ƙasa da kashi 9, ya koma bayan Seini Umaru, yayin da Hama Amadu ya fice daga ƙawancen da suka ƙulla tare ya bai wa Isufu nasara. Kafin 2016 CDS ɗin kanta ta tsage gida biyu, ta koma hannun Abdu Labo, har Usman ya tsaya takara da rigar aro ta MNRD-Hankuri. Mai zaɓe bai motsa daga ƙauyensa ba, tutocin ne suka riƙa sauya launi a kansa.

Zaɓen 2020 zuwa 2021 shi ne ya fi kowanne kusanto gida. A karon farko 'yan takara biyu da suka rage dukansu 'yan siyasar jihar Damagaram ne: Bazum na Tasker, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da Usman, wanda a lokacin yake RDR-Canji. Abin kunya a wannan yaƙin neman zaɓe shi ne yadda wasu suka bar batun ruwa da makaranta suka koma tuhumar asalin Bazum, har zuwa gaban kotu, wadda ta yi watsi da ƙorafin. A gundumar da Balarabe da Tubu suke shayar da raƙuma a rijiya ɗaya da Bafulatani tun kaka da kakanni, irin wannan magana wasa ne da wuta kusa da rumbu. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 aka yi zagaye na biyu, aka bayyana Bazum da kusan kashi 56, Usman ya ƙi amincewa.

To, me aka samu? Tudun rairayi bai daina malalowa cikin kwaruruwan dabino da kanwa na Gidigir ba. Man fetur na Agadem, da aka fara tacewa a matatar SORAZ a 2011, ya ratsa gabas ya wuce. Masu son soja sukan tsaya a nan su ce ga shi, zaɓe bai tsinana kome ba. Sai dai lissafinsu ya manta da abu ɗaya. Shugabanni uku da wannan yanki yake kira nasa, babu ko ɗaya da masu zaɓe suka sauke. Usman, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da shi ranar 27 ga Janairu 1996, sannan a zaɓen Yuli na shekarar aka rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya. Tandja, wanda da hannunsa ya yi wa tsarin mulki karan tsaye, Salu Jibo ya cire shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Bazum, dakarun da ke gadinsa suka tsare shi ranar 26 ga Yuli 2023. Ba a taɓa barin mutumin Gure ya kai ga ranar hisabi da wanda ya zaɓa ba, balle a ce ya kasa hukunta shi.

A Maris 2025 hukumomin soja suka rusa dukkan jam'iyyun siyasa, aka ba Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara biyar. Laifin da aka ɗora wa jam'iyyun, na raba kan jama'a da cinikin ƙuri'a, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma shugabannin jam'iyyun ne suka yi cinikin, a ɗakunan taro na babban birni, yayin da hukuncin ya faɗa kan matar Gidigir da ta taka rairayi tun asuba da katinta a ɗaure a bakin zane, ta bi layi har rana ta take.