Idan Lamiri Ya Ce A'a

Mai karatu, akwai kalmar da muke ji a wa'azi amma ba mu cika zama mu tattauna ta a gida ba, wato lamiri. Mukan ambaci biyayya sau goma kafin mu ambaci lamiri sau ɗaya. Muna koya wa yara su bi iyaye, su bi malamai, su bi shugabannin ikkilisiya, su bi hukuma, kuma hakan daidai ne. To, amma ranar da waɗannan duka suka haɗa baki suka ce ka yi wani abu, zuciyarka kuma ta kafe cewa a gaban Allah abin nan zunubi ne, wa za ka bi?

Wani manomi a ƙasar Ostiriya ya fuskanci wannan tambaya, kuma ransa ya bayar a matsayin amsa. Sunansa Franz Jägerstätter, ɗan Katolika ne daga ƙauyen Sankt Radegund, an haife shi a 1907. A watan Afrilu na 1938, da aka yi ƙuri'ar amincewa da haɗe Ostiriya da Jamus ta Hitla, shi kaɗai ne a ƙauyensu ya ce bai yarda ba. A farkon 1943 aka kira shi aikin soja. Ya je bariki da ƙafarsa, ya shaida musu ba zai ɗauki makami ya yi wa Hitla yaƙi ba, sai dai in za su sa shi jinyar waɗanda suka ji rauni. Kotun soja a Barlin ta yanke masa hukuncin kisa, aka fille masa kai ranar 9 ga Agusta, 1943. Yana da shekara 36, ya bar matarsa Franziska da 'yan mata uku ƙanana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da suka roƙe shi ya janye. Mahaifiyarsa ce, maƙwabtansa ne, limaman cocinsa ne. Har wurin bishop na birnin Linz ya je neman shawara, aka tuna masa cewa yana da iyali, kuma alhakin yaƙi yana wuyan masu mulki, ba talakan ƙauye ba. Ka duba fa, babu mugu a cikin masu ba shi wannan shawara, kuma maganarsu tana da nauyi. Littafi Mai Tsarki da kansa ya ɗora wa namiji haƙƙin kula da gidansa. A sura ta 13 ta wasiƙar Romawa ma, Manzo Bulus ya ce a bi hukuma, ya kuma kafa hujja da lamiri. Franz ya san duk wannan. Ya auna, ya yi addu'a, ya sake aunawa, ya ga ba zai iya taimaka wa yaƙin da ya tabbata na zalunci ne ba, sannan ya ce Allah yake bi.

Koyarwar Kirista ba ta ɗauki lamiri a matsayin abokin gabar biyayya ba. Lamiri shi ne wurin da umarnin Allah yake samun mutum shi kaɗansa, ya ce masa wannan abin da ke gabanka yanzu, yi shi ko bar shi. Shi ya sa a sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni, da majalisar shugabannin addini ta hana Bitrus da abokansa wa'azi, suka amsa cewa haƙƙin Allah yana gaba da na mutane. Malamin nan na ƙarni na 13, Toma Akwinas, ya kai maganar nesa: ya koyar cewa wanda ya yi abin da ya gaskata mugunta ne ya yi zunubi, ko da a zahiri hukuncinsa kuskure ne, domin a zuciyarsa ya riga ya zaɓi saɓa wa Allah. Martin Luta ma a kan lamiri ya tsaya a gaban sarki a birnin Worms a 1521, ya ƙi janye abin da ya rubuta.

Na san abin da wani zai ce: ai in haka ne kowa sai ya yi abin da ya ga dama, ya ce lamirinsa ne. Wannan tsoro yana da tushe. Mun ga matashin da ya bar gidan iyayensa da zagi ya ce Ruhu ne ya gaya masa. Mun ga wanda ya raba ikkilisiya biyu saboda kujerar dattijo, ya sa wa rikicin rigar lamiri. Bulus bai ɓoye cewa lamiri yana iya zama rarrauna ba, kuma a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti ya yi maganar waɗanda lamirinsu ya mutu kamar fatar da aka yi wa lalas. Luta da kansa bai ce lamirinsa sarki ne ba, cewa ya yi yana ɗaure da Maganar Allah. Ma'auni ne lamiri, ma'auni kuwa sai ana daidaita shi, da karatun Littafi, da addu'a, da sauraron waɗanda suka fi ka sani.

A ganina, hanya mafi sauƙi ta bambanta lamiri da son zuciya ita ce ka duba wa zai biya kuɗin. Son zuciya kullum wani yake aika wa da takardar bashi. Franz bai gudu daji ba, bai tara jama'a ba, bai la'anci maƙwabtansa da suka tafi fagen daga ba. Ya saurari kowa, sannan ya ɗauki hukuncin a wuyansa. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, Franziska ma ta biya. Mutanen ƙauye sun zarge ta cewa ita ta cusa masa tsananin addini, kuma sai bayan shekaru ta samu fanshon da ake ba matan da yaƙi ya kashe wa miji. Ta rayu har ta halarci bikin da cocin Katolika ta girmama mijinta a Linz a 2007, ta rasu a 2013 tana da shekara 100.

Akwai kuma wani gefe da masu zafin addini ba sa son ji. Lamirinka kai yake ɗaurewa, ba maƙwabcinka ba. A Romawa sura ta 14 da kuma 1 Korintiyawa sura ta 8, gardama ce a kan cin nama da kiyaye wasu ranaku. Bulus bai tilasta wa kowa bin ra'ayi ɗaya ba. Ya hana mai ci raina wanda ba ya ci, ya hana wanda ba ya ci yanke wa mai ci hukunci, ya kuma ce shi kansa gara ya bar nama da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe.

Yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa gaban kotun soja ba. Namu gwajin a ofis yake, inda oga zai miƙo takardar kuɗin aikin da ba a yi ba ya ce sa hannu. Yana kasuwa, wurin mudun da aka bubbuga gindinsa. Ya fi yawa kuma a tsakar gida. Mai bin bashi ya yi sallama, ka ce wa ɗanka ɗan shekara tara ya je ya ce Baba ba ya nan. Yaron ya tsaya yana kallonka, domin ranar Lahadin da ta wuce aka koya masa cewa ƙarya zunubi ce, kuma kai ka raka shi cocin. In ka daka masa tsawa zai tafi, zai faɗa, za ka ce yaro ne mai biyayya. Gobe ba zai ma tsaya ya kalle ka ba. Shekara ashirin nan gaba shi ne zai zauna a ofishin da ake miƙo takardar. Ka sa hularka ka fita, ka roƙi mai bashin ya ƙara maka mako guda, yaron yana ji.