A Zaɓi Unguwa Kafin A Zaɓi Ɗaki

Kowace shekara, da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, sai ka ga 'yan aji shida sun watse. Kaɗan ne ke zama gida. Mafi yawa birni suke nufa, wasu don ƙarin ilmi, wasu don koyon sana'a, wasu kuwa don tsaron shagon wani ɗan'uwa. A wannan yanki namu, in an ce birni, to, Kano ake nufi. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a kai shi ne wurin zama. Ni a ganina, wanda zai koma birni ya kamata ya fara zaɓen unguwa tukuna, sa'an nan ya nemi ɗaki a cikinta. Yawancin mutane akasin haka suke yi. Da sun ji labarin ɗaki mai sauƙin kuɗi sai su biya, daga baya su tarar araha ba ta ado.

Da farko dai, mu san girman wurin da muke magana a kai. Kano ta yau ta wuce abin da ganuwa ta kewaye nesa ba kusa ba. Ƙananan hukumomi 8 ne suka haɗu suka yi ta, watau Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 take ta faɗaɗa, har ta haɗiye ƙauyukan da a dā sai an yi shirin tafiya kafin a je su. Saboda haka mutum biyu na iya cewa a Kano suke zaune, alhali tsakaninsu tafiyar awa guda ce a mota in hanya ta cushe.

Wannan ya kawo mu ga dalili na farko, watau nisan wurin aiki. Ma'aikatun Kano a wuri uku suka fi taruwa: Bompai, Sharaɗa da Challawa. Wanda ya sami aiki a Bompai, Dakata ko Tudun Wada ko Gwagwarwa ne kusa da shi. Mai aiki a Challawa, Panshekara ce maƙwabciyarsa. Yaron shago a kasuwar hatsi ta Dawanau ya duba unguwannin hanyar Katsina, kamar Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna. Ɗalibin sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuwa, hanyar Gwarzo ce tasa, wajen Rijiyar Zaki da Ɗanbare. To, a ce mai aiki a Challawa ya kama ɗaki a Dakata don an rage masa kuɗin haya. Kullum sai ya ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan, safe da yamma.

Bari mu yi lissafi irin wanda malaminmu ya koya mana. A misali, a ce kuɗin mota naira 500 ne zuwa, 500 dawowa. A kwana 26 na aiki an kashe naira 26,000. A shekara ta zama naira 312,000. Ina ribar ragin da aka yi masa? Ga shi kuma tun da aka hana ɗaukar fasinja a kan babur a Kano a 2013, talaka ya dogara ne da a-daidaita-sahu da bas, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin shiga abin hawa ya yi tashin gwauron zabo. Ban da kuɗi, akwai gajiya da makara. Ɗalibin da ya ɓata awa biyu a hanya kullum, da wane ƙarfi zai buɗe littafi da dare?

Dalili na biyu shi ne ruwa, na sha da na sama. Ruwan famfo na birnin daga matatu irin na Challawa da Tamburawa da Watari yake zuwa, amma ba kowace unguwa yake kai wa ba. Inda babu famfo, sai rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa, kuma kuɗin jarka kullum haya ce ta biyu da ba a rubuta ta cikin takarda. Shi ya sa nake cewa kada ganin kan famfo a tsakar gida ya ruɗi mutum. Ya murɗa ya gani, gani ya kori ji. Ruwan sama kuwa, a watan Agusta ya fi ƙarfi a Kano. Manya ba su manta da damunar 1988 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa, har dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Ɗakin da aka gani da rani tsaf-tsaf yana iya zama kududdufi da damuna. A dubi gindin bango ko akwai zanen da ruwa ya bari, a dubi rufi, a dubi lambatu ko a toshe yake. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka a tambayi wanda ya tashi daga ɗakin, ko mai shayin bakin layi. Su ba su da la'ada a ciki, ba abin da zai hana su faɗin gaskiya.

Haka nan wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 an ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Ya kamata mai neman ɗaki ya san rukunin da layinsu yake, ya san ko akwai mita mai kati, ya kuma san yadda ake raba kuɗin a gidan yawa. Kada ya gaji bashin wutar da wani ya sha ya gudu.

Dalili na uku, wanda ya fi duka nauyi a wurina, shi ne mutanen da za a zauna da su. Larabawa na da karin magana mai cewa a nemi maƙwabci kafin gida, mu kuma muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaro ɗan shekara 18 da ya rabu da idon iyayensa, majalisar ƙofar gida ce za ta zama makarantarsa ta biyu. In masu zuwa masallaci ko coci da neman na kansu ne, zai bi su. In 'yan daba ne da masu shaye-shaye, Allah ya kiyaye. Ana iya gyara rufin da ke yoyo da kuɗi kaɗan, amma gyaran halin da ya lalace sai an sha wuya. Don haka a je unguwar sau biyu, da hantsi da kuma bayan isha'i. A ga ko akwai 'yan sintiri, a ga ko mutane na tafiya da waya a hannu ba tsoro.

Na san wani zai ce, "Ai wannan zancen mai kuɗi ne. Baƙon da ya sauka a tasha da jaka ɗaya, ina ya ga zaɓi?" Maganarsa da ƙamshin gaskiya, musamman da yake masu gida da yawa ba su son ba gwauro haya, kuma kuɗin shekara suke so a dunƙule. Amma ni ina ganin talaka ne ya fi bukatar yin zaɓe da hankali, don shi ne ba shi da kuɗin gyara kuskure. Mai hali in ɗaki bai yi masa ba sai ya tashi. Talaka kuwa in ya biya, ya ɗauru ke nan har wata goma sha biyu. Kakanninmu ma ba su faɗa wa gari haka kawai ba. Fatake kan sauka a zango, kamar yadda Fagge ta kasance masaukin ayarin Buzaye, fatoma ya ba su wurin kwana, ya nuna musu na kirki da na banza. Mu ma mu sauka wurin dangi ko ɗan garinmu na mako biyu ko uku, muna zagayawa muna tambaya. Sai dai kada a zarce, don baƙo raɓa ne.

In an sami unguwa kuma an sami ɗaki, saura hattara wajen biya. Dillali na da amfani, kuma yana da haƙƙin la'adarsa, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin haya. Amma kada a ba da ko kafin alƙalami sai an shiga ɗakin an gani, an kuma sadu da mai gidan ido da ido. Wani ɗan garinmu ya tura kuɗi don hoton ɗaki da aka aiko masa ta waya, da ya iso da kayansa ya tarar da mai iyali a ciki. A karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: ranar shiga, ranar ƙarewar haya, wanda zai yi gyara, da wa'adin da za a bayar in za a tashi mutum. Sa'an nan a je a gai da mai unguwa a gabatar da kai. Ranar da rigima ta taso, shi ne zai ce ya san ka.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu, kada aikinku ya tsaya ga haɗa kuɗin haya da sa albarka. Ku taka da ƙafarku ku ga inda ɗanku zai kwana, balle in 'ya mace ce. In ba hali, ku wakilta babban da kuka amince da shi. Kuɗin motar yini ɗaya bai kai asarar shekara ba, kuma rigakafi ya fi magani. Mu kuma 'yan'uwana, kada ɗokin birni ya sa mu gaggawa. Allah ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari a gare su, amin.