Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakuna, Limamai da Attajiran Zangon Lome



Dalilin wannan takarda shi ne in shaida muku abin da na gani a Dubai, inda fatauci ya kai ni kamar yadda yake kai 'yan'uwanmu masu sarin waya da turare da abaya a kasuwannin Deira, domin na lura duk wanda ya komo daga can labarin benaye yake kawo mana, da Burj Khalifa mai tsawon mita 828, da jirgin ƙasa mai tafiya ba direba, masu sauraro su yi ta salati, sa'an nan a watse a kan cewa ai kuɗin mai ne, mu kuwa ba a ba mu mai ba. Wannan hukunci, Allah ya ba ku nasara, tarihi bai goyi bayansa ba.

Mutanen Dubai sun sha talauci a shekarun 1930, sa'ad da Japan ta cika duniya da lu'ulu'un kiwo, sana'arsu ta nutso ta mutu. Da Shaihu Rashid ɗan Sa'id Al Maktum ya hau sarauta a 1958, ya tarar da mashigin tekun da ya raba garin biyu yana cikewa da rairayi, har jiragen fatake ba sa iya shigowa, sai ya ci bashi daga Kuwait aka yashe shi, alhali ba a gano mai ba sai 1966, ba a kuma fara sayar da shi ba sai 1969. Da kuɗin man suka zo, tashoshin jiragen ruwa ya ƙara ginawa, ta Rashid a 1972, ta Jabal Ali a 1979. Basaraken ya fahimci cewa arzikin garinsa baƙo ne mai kaya, ya gyara masa masauki.

To, ina sana'ar da kakanninmu suka fi ƙwarewa a kanta in ba wannan ba? Da saukar baƙi da dillancin goro da shanu aka san Zango. Ga tashar jiragen ruwan Lome, wadda aka buɗe a 1968, tana ciyar da Burkina Faso da Mali da Nijar, balle tun 2023 da iyakar Nijar da Binin ta rufe, kaya suka karkato ta nan. Manyan motocin kuma a ƙofarmu suke kwana, a Terminal du Sahel da ke Togblékopé. Amma masu cika takardun duwan, wato kwastan, da masu riƙe ɗakunan ajiya galibi ba 'ya'yanmu ba ne, namu suna bisa zemijan, wato baburan haya, saboda mun bar su ba Faransanci mai ƙarfi, ba hisabi, alhali neman ilimin da al'umma ba ta wadatuwa sai da shi farali ne na kifaya, kamar yadda malamanmu suka fi ni sani.

Ba duk abin da na gani ya faranta mini rai ba. 'Yan ƙasa a can ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, benayen kuwa gumin leburorin Indiya da Pakistan da Bangaladash ne, waɗanda ake kwasa da asuba daga sansanoni a bayan gari cikin zafin da ya fi na bazararmu, kuma wanda ya karanta babin ijara a fiƙihu ba zai ga haka hankalinsa ya kwanta ba. Tsohuwar unguwar Bastakiya ma an rushe sashenta kafin a farga a tsare ragowar. Wannan ba sai an yi mana tafsiri ba, mu da aka rushe wa tsohon Zango a 1977, aka kwaso iyayenmu zuwa Agoè, bankuna suka tashi a filin da suka bari.

Saboda haka nake roƙonku, da girman kujerunku, ku sa a bi gida gida da masallaci masallaci a tabbatar kowane fili yana da takardar mallaka a hukumance, domin Lome tana faɗaɗa zuwa Adétikopé, ƙasa tana tsada, wanda ba shi da takarda kuwa shaidar maƙwabta ba za ta tsaya masa a kotu ba. Alhazanmu su haɗa waƙafi mai rubutaccen sharaɗi da nazirai amintattu, wanda ribarsa za ta riƙe makarantar da yaro zai haɗa Alƙur'ani da Faransanci da hisabin ciniki. Masu kai takardun neman taimako ga ƙungiyoyin agajin ƙasashen Larabawa kuma, masallatai sun samu, alhamdu lillahi. A wannan karon a rubuta magudanan ruwa, a kai wa magajin garin Agoè-Nyivé 4 kwafi, tun kogin Zio bai sake cikowa cikin gidajenmu da damina ba.

Haza wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani ɗan kasuwa daga Agoè-Zongo