Birki Shi Ne Ran Mota A Gangare

Yau za mu yi magana kan a-kori-kura, motar da ke kai mu kasuwa da buhunan gero da wake, ta kuma kai majinyatanmu gidan likita.

Ƙasarmu ta Arewa tudu ce da kwari. Matankari da Dogondutsi suna cikin Dallol Mauri, ƙauyuka da yawa kuwa suna bisa fako. Duk motar da ta ɗauko kaya daga can sai ta bi gangaren marmara kafin ta shigo gari. A nan ne hatsari yake.

Mu da muke zagayen makarantun yaƙi da jahilci, cikin irin waɗannan motoci muke tafiya. Wata rana cikin bazara muna gangarowa, buhuna a ƙasa, mutane a bisa, sai muka ji ƙauri. Direba ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Yashin kwari ne ya tare mu. Allah ya kiyaye, amma ganganci ne ya kai mu nan.

Me ya faru? Birki yana tsai da mota ne ta hanyar guga: fatar birki tana matse faifan ƙarfe, ƙarfe ya yi zafi. In direba ya ɗora ƙafa bisa birki tun daga kan tudu har ƙasa, zafi ba ya samun fita. Fata ta yi santsi, ta daina kamawa. Man birki kuma ya tafasa, ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura ƙarfe. In nauyi ya ninka, zafi ya ninka. In gudu ya ninka, zafi ya ninka sau 4.

Saboda haka muke kira ga masu motoci su inganta birkinsu ta hanyoyi 3.

Na farko, mai. A duba jikin gwangwani. Sabon mai mai alamar DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, mai alamar DOT 4 har 230. Amma man birki yana shan raɓa daga iska. In ya tsufa, DOT 3 yana iya tafasa a digiri 140 kawai. A canza shi duk shekara 2. Kada a zuba man inji ko ruwan sabulu a madadinsa, suna lalata birki.

Na biyu, fata. In kaurinta ya ragu zuwa milimita 3, a canza ta, dama da hagu tare. A sayi ta ƙwarai, domin araha ba ta ado.

Na uku, tiyo. In ya tsage ko yana ɗiga, a sa sabo, makanike ya fitar da iskar da ta shiga.

Amma mu sani, sabon birki ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Yawancin a-kori-kura, irin su Toyota Hilux, an ƙera su don nauyin kusan tan 1, wato buhu 10 na kilo 100. Mu kuwa mukan ɗora 20, sannan mutane su hau.

Ga direba kuma, tun kafin gangare ya soma, ya sa giya ta 2, in gangaren ya yi tsanani ta 1, inji ya riƙe mota. Ya taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, ya sake shi ya huce. In ya ji ƙauri, ya tsaya, a sa duwatsu a tayoyi, a jira. Kada a watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Direbobi sukan ce mai ya yi tsada, shi ya sa suke cire giya ko su kashe inji a gangare, suke kuma cika kaya. Mun san tsadar gaskiya ce. Amma in an kashe inji, birki yakan yi tauri, domin inji ne ke taimaka masa. Man da za a rage a gangare guda bai kai cikin gwangwani ba. Wa zai sayar da ransa a wannan kuɗi? A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

Mu fasinjoji ma muna da laifi. Mu ne muke roƙo a ƙara buhu guda, mu ne muke cewa a yi sauri kada kasuwa ta watse. Ƙungiyoyin manoma su riƙa ɗaukar motar da aka duba birkinta, su yarda a yi sawu 2, ko da kuɗin buhu ya ɗan ƙaru. In direba ya ce a sauka a taka gangare da ƙafa, mu sauka ba gardama. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta wa direban garinku abin da ke jikin gwangwanin man birkinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya.