Kafin Ka Latsa "Na Yarda": Karatun Da Ke Tsare Jarin Matashi A Daura

Ina da wani ƙane, ɗan baffana, mai rumfar POS da cajin waya a kusa da tashar mota a Daura. Bara, bayan ƙaramar sallah, ya kira ni da daddare murya na rawa. Ya ce, "Yaya, wasu mutane suna ta tura wa jama'a saƙo wai ni ɓarawo ne. Har surukina ya samu."

Da na bi ba'asi, ashe rance ya ci na naira 50,000 a wata manhaja, don ya ƙara tsabar kuɗi a rumfa saboda masu dawowa daga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Manhajar ba daga Play Store ya sauke ta ba, wani ne ya turo ta a zauren WhatsApp. Tun kafin kuɗin su shigo aka zaftare 5,000, aka ce ya mayar da 60,000 cikin kwana 14, kuma duk ranar da ya ƙara akwai tara. Bayan wannan, shi da hannunsa ya ba su izinin ganin duk lambobin da ke cikin wayarsa. Mu ajiye maganar kuɗin ruwa da hukuncinsa a addini, wannan shi ma ya sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da aka ɓoye masa. Duk suna rubuce a shafin da ya ja da yatsa har ƙasa ya latsa "na yarda". Yaron nan ya gama sakandare, yana jin Turanci daidai gwargwado. Na tambaye shi me ya hana shi karantawa. Ya ce, "Yaya, ai rubutun ne ya yi tsawo."

Ban yi masa dariya ba, domin na san ciwon ba nasa ne shi kaɗai ba. Yawancinmu masu riƙe da waya muna wuni muna kallon rubutu, amma in rubutu ya wuce layi biyar sai ido ya fara tsalle, yatsa ya fara ƙaiƙayi. Ra'ayina shi ne wannan gazawar ta fi ƙarancin jari cutar da matashin ɗan kasuwa. Maganinta kuma shi ne karatu na yau da kullum, irin wanda mutum zai zauna da abu mai tsawo ya bi shi har ƙarshe. Juriyar karatu kamar juriyar noma ce, wanda bai saba riƙe fartanya ba ba zai iya kunya uku ba ranar da aka matsa masa.

Idan kana ganin wannan bai shafe ka ba, ɗauki wayarka ka shiga Settings, ka nemi Digital Wellbeing. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu suna da shi, masu iPhone kuma su nemi Screen Time. Zai nuna maka awa nawa ka yi jiya a kan TikTok, nawa a Facebook, nawa a WhatsApp. Ranar da na fara duba nawa ban gaya wa kowa abin da na gani ba.

Ka tuna daminar 2024, lokacin Hamster Kombat. Duk majalisar da ka leƙa, daga Daura har Zango da Baure, za ka tarar da samari sun sunkuyar da kai suna ƙwanƙwasa fuskar waya, wasu da yatsa huɗu. An yi ta lissafin motar da za a saya. To, kafin ranar 26 ga Satumba da aka raba kuɗin, an riga an wallafa cewa jimillar kwabban da za a fitar biliyan 100 ne, su kuma masu wasan suna ta shelar cewa mutum miliyan 300 ne suka shiga. Raba biliyan 100 gida miliyan 300. Ko da duka za a rabar, ba a ware wa kowa komai ba, kowane mutum zai tashi da ɗari uku da 'yan kai. Da aka buɗe kasuwa, farashin kowane ɗaya ya fara ne a wajen senti ɗaya na dala. Lissafin 'yan aji huɗu na firamare ne, kuma alƙaluman suna nan a fili ga duk mai son dubawa. Amma mutane sun zaɓi su saurari wani mai bidiyon minti ɗaya da ke cewa kowane kwabo zai kai dala guda. An ƙona data, an ƙona batir, an ƙona wata uku ko huɗu na ƙuruciya.

Wancan ma da sauƙi, lokaci kawai ya ci. A watan Afrilun 2025 CBEX ta rushe da kuɗin jama'a bayan ta yi alƙawarin ninka wa mutum jarinsa cikin kwana 30. Hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ta fito ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba. Jerin kamfanonin da ta yi wa rajista yana shafinta na intanet, kyauta. Wanda kuma ya taɓa karanta labarin yadda MMM ta ƙare a Disambar 2016 zai gane fuskar da zarar ya gan ta, ko da ta sauya hula. Wannan ne amfanin karatu da ba a cika faɗa ba: yana tara maka tsofaffin labarai a kai, sabuwar damfara ta zo ta tarar ka riga ka san yayarta.

Me ya sa nake ta kiran sunan Daura? Saboda garin yana sauyawa a gaban idonmu, kuma sauyin na masu takarda ne. A Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, ga shi yanzu ɗalibai na ciki. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ana iya gardama kan yaushe jirgin zai fara tafiya, ni ma ina cikin masu cewa sai mun gani. Amma ko yau, waɗannan wurare suna sayen abinci da ruwa da takarda da kayan gini, suna neman mai gyaran kwamfuta da mai haɗa sola. Irin wannan ciniki ba a yin sa da "Allah Ya sa albarka" da musafaha. Za a ce ka kawo rajistar CAC, ka cike fom, ka rubuta farashi, ka sa hannu a yarjejeniya mai shafi takwas. Idan ɗan gari ba zai iya zama da shafi takwas ba, wani zai taso daga Kano ko Kaduna ya zauna da su, shi kuma ɗan gari ya zama mai yi masa dakon kaya. Sai mu koma majalisa mu ce an yi mana wariya.

Na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini. Iyayenmu da kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, sun kai shanu Kurmi, sun tara dukiya, wane littafin kasuwanci suka karanta? Akwai gaskiya a ciki. Amma a duba yadda suka koya. Yaro yakan yi shekaru a bayan ubangidansa, yana ɗaukar kaya, yana sauraron ciniki, yana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, kafin a yaye shi. Da yawansu kuma sun yi allo, sun yi zaure, suna rubuta bashinsu da ajami. Haƙurin da nake magana a kai sun same shi ta wata hanya. Kai da ka buɗe sana'a da waya ɗaya cikin mako guda, wa ya yaye ka? Abokin cinikinka manhaja ce da ba ta san mahaifinka ba, ba ta jin kunyar kowa, kuma duk abin da ke tsakaninku a rubuce yake. Dattijon da ke sayar da shanu a Mai'adua yana karanta fuskar dillali. Kai ba ka da fuskar da za ka karanta, sai rubutu.

Wani kuma zai ce ai bidiyo ma karatu ne. A wasu abubuwan na yarda. In kana son koyon sauya gilashin waya ko ɗaura allon sola, YouTube ya fi kowane littafi, domin aikin hannu ido ke koyonsa. Amma bidiyo shi ke jan ka da saurinsa, ba ya tsayawa ka yi masa tambaya, kuma mai yin sa yana cin abinci ne da daɗewarka kana kallo. Rubutu kai ke jan sa. Kana iya tsayawa, ka koma baya, ka ce tsaya, wannan adadin bai yi daidai da na sama ba. Saƙon murya kuwa ya fi kowanne haɗari a harkar kuɗi. "Wallahi wani na kusa da ni ya cire nasa jiya." Waye shi? A ina? Ba ka da abin da za ka riƙe.

Sai babbar matsala, wadda ba zan raina ba: yawancin takardun da ke cin mutane da Turanci suke, wani Turancin ma na lauyoyi. Amma juriyar karatu ba ta da yare. Wanda ya saba bin labari mai shafi ɗari da Hausa zai fi iya daurewa da shafi uku na Turanci, ko da ƙamus a gefe, a kan wanda bai saba karanta komai ba. A nan dole in sara wa 'yan mata da matan aure. Maza suna yi musu ba'a wai suna karanta littattafan soyayya a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, alhali mace na iya cinye labari mai babi sittin cikin mako guda, ta kuma gaya maka inda marubuciyar ta manta abin da ta faɗa a babi na tara. Mai yi mata ba'a kuwa rabonsa da gama shafi biyu tun jarrabawar NECO. Ni dai in zan ba wani ajiyar littafin shagona, na san wa zan ba.

Kuma ba yau Bahaushe ya fara karatun nishaɗi ba. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mutanen da suka karanta waɗannan da fitilar aci-balbal su ne suka zama malamai da alƙalai da ma'aikatan En'e. Kai kana da fitila a cikin littafin kansa.

Ta fuskar aljihu ma karatu ya fi araha. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. Littafi mai shafi ɗari biyu, in rubutu ne zalla, sau da yawa bai wuce megabait biyu ko uku ba, abin da gajeren bidiyo ɗaya zai lashe kafin ka gama hamma. Manhaja irin ReadEra tana buɗe PDF da EPUB ba tare da data ba, tana kuma tuna shafin da ka tsaya. A Chrome, in ka ga dogon rahoto a BBC Hausa ko Aminiya, latsa ɗigo ukun nan na sama, ka taɓa kibiyar saukewa, shafin zai zauna a wayarka ko da sabis ya ɗauke a hanyar Kongolam. Abin da na ga yana aiki shi ne a kashe data gaba ɗaya, a ba karatu minti ashirin a lokaci guda kullum, bayan asuba ko lokacin da rumfa ta yi shiru da azahar. In data na kunne, saƙo ɗaya zai shigo, shi ke nan an tafi. Kwanakin farko za ka ji kamar ana tsare da kai. Kada ka fara da littafin wani attajirin Amurka da ke koya maka zama biloniya, yawancinsu maimaici ne kuma kasuwarsu ba taka ba ce. Fara da abin da ke taɓa kuɗinka: takardar cajin kamfanin POS ɗinka, sharuɗɗan bankinka, bayanin yadda ake rajistar sunan kasuwanci. Ka haɗa da labari ɗaya mai daɗi da zai riƙa jan ka.

Ƙanen nan nawa ya biya bashin, da taimakon 'yan'uwa, ya kuma je ya ba surukinsa haƙuri, wanda ya ce ya fi biyan kuɗin wuya. Na tura masa Ruwan Bagaja, ya yi wata biyu bai gama ba, daga baya ya gama. Makon jiya ya turo mini hoton fuskar wayarsa. Wani kamfani ne ke son ba shi sabuwar na'urar POS, ya ja layi a ƙarƙashin sakin layi na goma sha ɗaya, inda aka ce in cinikinsa na mako bai kai wani adadi ba za su karɓe na'urar, kuɗin ajiyarsa kuma ba za su dawo ba. Ya rubuta, "Yaya, haka nake fahimta ko na yi kuskure?" Sai da na karanta sau biyu kafin na ba shi amsa. Bai yi kuskure ba.